Mangaza ta ƙaura daga Kwatano zuwa Lome: me ya sami Tawa da Adar?

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku. Saboda haka shinkafa, da sukari, da man girki, da magunguna da ake sayarwa a kasuwar Tawa, da yawansu sai sun kwana cikin mangaza a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa kafin su kamo hanya. Mangazar nan ita ce rumbun ƴan kasuwa na nesa. In ta gusa, farashi ma sai ya motsa har cikin ƙauyuka.

Shekara da shekaru, Kwatano ta ƙasar Benin ita ce babbar ƙofar. A 1959 aka kafa ma'aikatar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda daga baya aka kira OCBN, don jigilar kaya tsakanin ƙasashen biyu. Jirgin ƙasa kan ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Paraku, tafiyar kilomita 438, sa'an nan manyan motoci su karɓa. Da jirgin ya raunana, sai motoci suka ɗauke aikin duka. Suna ƙetare gadar kogin Kwara tsakanin Malanbil da Gaya, su biyo Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, su hau arewa zuwa Tawa. Motar Tawa ba ta da buƙatar shiga Yamai. Ta wannan hanya ce kuma uraniyom na Arlit ya riƙa gangarawa zuwa teku a da.

Ran 26 ga Yuli 1923 ba ta cikin wannan labari. Ranar da ta sauya kome ita ce 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ran 30 ga watan, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe iyaka, kaya suka maƙale a Kwatano, motoci suka yi dogon layi a Malanbil. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, amma hukumomin Nijar suka bar gadar a rufe daga nasu ɓangare bisa dalilin tsaro, kuma har cikin 2025 haka take.

Ɗan kasuwa ba ya jiran gada. Masu shigo da kaya suka mai da saukar kayansu da ajiyarsu Lome, babban birnin Togo, maƙwabciyar Benin ta yamma. Lome ba baƙuwa ba ce, domin tun da daɗewa akwai mangazu na ƙasashen Sahel a tasharta. Amma Togo ba ta haɗa iyaka da Nijar ba. Tilas mota ta ratsa Burkina Faso, ta bi Kaya da Dori, ta shigo ta Tera, ta iso Yamai. Daga nan kuma saura kilomita wajen 550 kafin Tawa.

Tsawon hanya kaɗai ba shi ne matsalar ba. Arewacin Burkina na fama da ƴan bindiga, don haka motoci ba su tafiya ɗai-ɗai. Sai sun taru ɗaruruwa, sojoji su raka su ayari guda. Jiran ayari kan ci makonni. Kowace rana ta jira kuɗi ce: kuɗin ajiya a mangaza, da tarar jinkirin mai da kwantena, da guzurin direba da yaran mota. Jarin da kan juya sau da dama a shekara sai ya kwanta a hanya. Babban attajiri na iya jurewa, amma ƙaramin ɗan kasuwa sai ya koma sari hannun wani.

Duk kuɗin nan a kan buhu suke sauka. Mai kanti a Tawa ya ƙara nasa, mai motar da ke kai kaya kasuwannin Barmu, da Takanamat, da Abalak, da Cintabaraden ya ƙara nasa. Wanda ke ƙarshen hanya, manomi ko makiyayin da ya sai da akuya don ya sayi tiya, shi ke biyan jimla. Abin ya fi ciwo lokacin bazara zuwa farkon damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, magidanta da dama kuma suna can cin rani.

A nan ne darajar ajiyar kusa ke fitowa. Mutanen Adar sun san rumbun tsimi tun zamanin kakanni. Ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa a 1970, aikinta ke nan: ta ajiye cimaka, ta fito da ita da rangwame in farashi ya hau. Haka nan bankunan cimaka na ƙauyuka, waɗanda kan sayi hatsi da kaka su sayar da bazara. Wajibi ne magabata su ga an cika su da wuri, ƴan kwamiti kuma su riƙe littafin shiga da fita da gaskiya. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai amfani garinsu.

Buɗe gada ko rufe ta shawarar manya ce. Amma cika rumbu tun da kaka yana hannun mutanen Adar.