Liƙin Madambaci da Robar Kan Injin

Duk wanda ya tashi a gidan da ake turara dambu ya san aiki ba ya ƙarewa da ɗora madambaci a bakin tukunya. Sai an bi mahaɗar an liƙe ta. Goggona takan kwaɓa ɗan gari da kauri, ta bi zagayen da yatsa tana shafewa, wani lokaci ta naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kai, sannan ta tsuguna ta zuba ido. Da ta hango siririn tururi yana tsirtowa ta gefe, sai ta ƙara dangwala ƙullu a wurin. Ta san in tururi ya samu hanyar gefe, ba zai ratsa tsakin ba. Itace zai cinye, dambu bai nuna ba, ga yara sun kewaye murhu da kwanuka.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar da na kai tsohuwar Corolla ɗina gareji. Makonni ta yi tana karkarwa duk sanda na tsaya a danja, kamar za ta mutu, ga ƙaurin baƙin mai yana shigowa har cikin mota. An canza fulogi, ba ta daina ba. Wani dattijon makanike ya ɗaga bonet, ko sifana bai ɗauka ba, ya ce in tayar. Ya kara kunne, sai ga wani siririn fito yana fitowa daga saman injin. Ya kai yatsa ya taɓa wani ɗan bawul da bai wuce girman babban yatsa ba, abin ya yi lilo a raminsa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa.

"Alhaji, ga ciwon motarka nan," in ji shi. "Robar ce ta mutu."

Masu sayar da kayan gyara suna kiransa PCV, ni kuwa bawul ɗin numfashi nake ce masa, don aikinsa ke nan. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a kan fistin, wani ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake, kuma da injin ya tsufa, abin da ke sulalewar ƙaruwa yake yi. Hayaƙin nan yana ɗauke da danshi da ɗanyen fetur. In ya zauna, sai ya dame da baƙin mai ya zama dagwalo, ya kuma tara ƙarfin da zai tura mai waje ta gaskit da duk inda ya ga sako-sako. Motocin da can, ƙasa suke zubar da shi ta wani bututu, kan titi. A 1961 aka fara saka wannan bawul a sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka, saboda hazon hayaƙin da ya addabi birnin Los Anjalas, daga nan ya bazu. Dabarar ita ce a zuƙo hayaƙin ta tiyo, a mayar da shi cikin injin ya sake ƙonewa. A cikin bawul ɗin akwai ɗan ƙarfe da sifirin: in mota na tsaye ya rage ƙofa, in an taka ya buɗe ta.

Ka ga ke nan hanya ɗaya aka shata wa hayaƙin, kamar yadda aka shata wa tururi ramukan madambaci. Robar da bawul ɗin ke zaune a cikinta ita ce ƙullun Goggo. Sai dai ɓarnar mota ta fi ta tukunya, don ita hanya biyu take bi. A tsaye, injin zuƙa yake yi, sai ya ja iskar waje ta wannan kafa, iskar da ba ta bi ta matata ba, ba a kuma auna mata fetur ba. A tawa motar har bakin tiyon ya tsage, shi ne fiton da muka ji da karkarwar. Mai tuƙi a Kano ko Zandar lokacin hunturu ya san irin ƙurar da ke cikin iskar nan, kuma cikin baƙin mai za ta sauka. In kuwa aka ɗauki hanya aka taka sosai, sai feshin mai ya riƙa fitowa ta wurin, murfin injin ya yi dumu-dumu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda da yawanmu muke yi wa wurin gyaran madambaci. A naɗa tsumma, ko leda, ko salatif, a danna bawul a ce an gama. Ƙullun Goggo na girki ɗaya ne. Ana saukewa za a kankare, gobe a kwaɓa sabo. Tsumman injin kuwa wata da watanni zai yi cikin zafi da maiƙo, ya ruɓe, zarensa ya faɗa ciki. Mafi muni shi ne wanda zai cusa tsohon fulogi a tiyon ya toshe shi gaba ɗaya. Karkarwa za ta lafa, mai mota ya yi murna, amma an rufe tukunya ruf tana kan wuta, kuma ba a jimawa mai zai fara ɗiga a inda mota ta kwana.

Dattijon nan bai yi ko ɗaya ba. Ya bari injin ya huce, ya zare bawul ɗin ya girgiza shi a kunnena, na ji ƙas-ƙas. Ya ce in da shiru ya yi, dagwalo ya kama shi, sai sabo. Cire tsohuwar robar ce ta ci lokaci. Ta bushe ta zama kamar gawayi, tana taɓuwa tana marmashewa, sai ya riƙa ciro ta gutsure-gutsure da bakin filaya. Da wani ɓalli ya kuɓuce ya faɗa ramin, bai ce ba komai ba. Ya lanƙwasa waya ya yi ta lalube har ya fito da shi. Sannan ya goge bakin ramin tas, ya shafa wa sabuwar robar ɗigon baƙin mai, ya fara zaunar da ita ita kaɗai, kafin ya danna bawul ɗin har ya shige daram. Ya sa sabon tiyo ya ɗaure bakinsa. Tun kafin ya danna bawul ɗin cikin robar, ya haɗa shi da tiyon, ya sa na tayar na ɗora yatsa a gindin bawul ɗin, na ji yana tsotsar fatata. Wasu motocin nasu bawul ɗin ɗaurawa ake yi kamar noti. Shi kuma ba a matse shi da ƙarfin tsiya, don ramin kan lalace.

Robar da tiyon duka, da yaronsa ya sayo a Ƙofar Ruwa, ba su kai kuɗin juye ɗaya ba.

Mai tsohuwar mota, gobe da safe kafin ka tayar, ɗaga bonet ka kai yatsa kan bawul ɗin nan. In ya motsa, a sa masa sabuwar roba daidai bakinsa, kada ka yarda a naɗa masa tsumma ko a toshe tiyon.