Bashi da Nauyin Baki: Dalilin Neman Mafita Tun da Wuri

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan karin magana ya nuna cewa al'umma ba ta ɗauki cin bashi a matsayin abin kunya ba. Amma duk da haka, da wuya a sami abin da Bahaushe ke ɓoyewa kamar bashin da ya gagare shi biya. Mutum ya fi iya gaya wa amininsa ciwon da ke cikin jikinsa da ya gaya masa adadin kuɗin da ake bin sa. Wannan makala za ta duba abin da wannan nauyin baki ke jawowa, musamman yanzu da yanayin bashin kansa ya sauya.

A tsarin gargajiya, bashi ba ya ɓoyuwa ko da mai shi ya so. Manomin da hatsinsa ya ƙare da tsakiyar damina, ya je ya karɓi dami a kan zai biya da kaka, maƙwabcinsa ne ya ba shi, kuma galibi akwai shaida. Ɗan kasuwar da ya ɗauki kaya a Kurmi ko Kantin Kwari sai da wani ya tsaya masa, watau ya yi masa lamuni. Idan rana ta zo bai cika alkawari ba, akwai matakan da ake bi kafin a kai ga alƙali: mai lamuni ya sa baki, dattawan kasuwa su zauna, mai unguwa ya kira su zaure. A irin wannan zama ake ƙara wa mutum lokaci, ko a yafe masa wani ɓangare, ko a karɓi gonarsa jingina har ya warware. Ba a ce tsarin ba shi da zalunci ba, domin manoma da yawa sun rasa gonakinsu ta hanyar jinginar da ba a fansa ba. Sai dai shi mai bashi, ko ya ƙi ko ya so, mutane sun san halin da yake ciki tun da wuri.

Bashin zamani kuwa ba ya bukatar shaida. Ma'aikaci na iya karɓar rance daga banki a kan albashinsa, ɗalibi na iya karɓa daga manhajar waya cikin dare, matarsa ko mahaifinsa ba su sani ba. Wanda ya bayar ba ya zuwa masallacin unguwa, ba ya jin nauyin kowa, kuma lissafinsa na tafiya ne da kwana. A ɗauka mutum ya karɓi naira 50,000 a kan ruwan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, ana ɗora ruwan a kan uwar kuɗi. Idan ya yi shiru wata shida, abin da ake bin sa ya haura naira 88,000. Idan ya kai shekara, ya doshi naira 157,000, watau fiye da ninki uku, ban da tarar jinkiri. A wata na biyu, ɗan'uwa ɗaya ko kwasar adashi ɗaya na iya kashe wutar. A wata na goma sha biyu kuwa, sai an taɓa fili ko babur ɗin da ake neman abinci da shi.

Abin da ya fi muni shi ne dabarar da mai ɓoyewa kan faɗa cikinta, ta cin sabon bashi domin biyan tsoho. Da yake ba ya son kowa ya ji, ba zai nufi wanda zai ranta masa ba tare da ruwa ba, sai ya nufi wanda ba ya tambaya, shi kuwa wannan ruwansa ya fi tsada. Ta haka bashi ɗaya kan haifi huɗu.

Sa'an nan asirin da ake ta rufewa ba ya ma rufuwa. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da lambobinsu ke cikin wayoyin waɗanda yake bi bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas bisa irin wannan zargi. Mutumin da ya kasa faɗa wa wansa a asirce, sai ga shi surukansa da abokan aikinsa sun karanta a waya. Bankuna kuma suna da tasu hanya. Tun daga 1 ga Agusta, 2020, ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta ba banki damar cire kuɗin da yake bin mutum daga asusunsa na wani banki, ta amfani da lambar BVN, in dai ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Dokar bayanan bashi ta 2017 kuwa ta ƙarfafa ajiye tarihin wanda ya kasa biya, yadda gobe zai nemi rance a hana shi.

To, mene ne neman taimakon? Ba lalle ne ya zama roƙon kuɗi ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mataki na fari shi ne mutum ya zauna da takarda ya rubuta duk wanda ke bin sa, da adadi, da ruwa, da ranar biya, domin mai ɓoye wa jama'a yakan ƙare da ɓoye wa kansa. Bayan haka ya tunkari mai kuɗin kafin ranar ta wuce. Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce albashi ya makara, a raba masa biyan zuwa wata shida, yana magana ne a matsayin mai neman sulhu. Wanda ya kashe waya wata uku aka kamo shi, ko gaskiya ya faɗa, an riga an sa shi a layin macuta.

Addinin Musulunci ma ya buɗe ƙofofi da jinkiri ke rufewa. Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin kashi takwas na masu cin zakka. Amma mai fitar da zakka ba ya duba, sai wanda ya san halinsa yake ba. Jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato suna da hukumomin zakka, hukumar Hisba ta Kano kuma takan zauna sulhu tsakanin mai bashi da wanda ake bi.

Akwai lokaci guda da Hausawa ke shelar bashi a fili, wato a wurin jana'iza, inda ake cewa duk mai bin mamaci ya zo ya sami iyalinsa. Shari'a ta sa a biya bashi kafin a raba gado. Sau da yawa a ranar ce matar mutum da 'ya'yansa ke fara jin adadin, kuma a kan gidan da suke ciki ake yin lissafin.