Kwalbar NOS a But ɗin Mota: Abin da Fim Ya Nuna da Abin da Inji Zai Iya Ɗauka

Tun da fim ɗin The Fast and the Furious ya fito a 2001, wani jan maɓalli ya shiga hirar samari masu son mota, daga Los Angeles har garejojin Kano da Kaduna. Direba ya danna shi, salansa ta yi aman wuta, mota ta bar kowa a baya. Wasannin kwamfuta irin su Need for Speed suka ƙara wa miyar gishiri. Yau shagunan intanet cike suke da kwalabe da tiyo da nozul, ana tallar su kamar duk wanda ya ɗaura, motarsa ta zama jirgi. Wani abin da ake faɗa gaskiya ne, wani kuwa shaci-faɗi ne mai iya kai inji hannun 'yan gwangwan.

Babbar ƙaryar ita ce wai iskar da ke cikin kwalbar wani irin mai ne mai tsananin ci. Iskar nan naitiros oksaid ce, shi kuwa ba ya kamawa da wuta. Haɗi ne na naitirojin da oksijin, kuma kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, alhali iskar da ake shaƙa ba ta wuce kashi 23 ba. Idan ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin salshiyos, sai ya rabu, oksijin ɗin ya fito. Ƙarin oksijin shi ke ba inji damar ƙona ƙarin fetur, kuma daga fetur ɗin ƙarfin yake fitowa. Aikinsa aikin zugazugin maƙeri ne: iska yake bayarwa, gawayi ke ci. Akwai kuma ribar ƙafa. Yana fita daga kwalba a ruwa-ruwa ya koma iska a sanyin digiri 88 ƙasa da sifili, ya sanyaya iskar da ke shiga inji, ita kuwa iska mai sanyi ta fi cushewa a silinda.

Ba kuma 'yan fim suka ƙirƙiro shi ba. Joseph Priestley ya gano shi a Ingila a 1772, likitan haƙori Horace Wells ya yi amfani da shi wajen cire haƙori a Amurka a 1844. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun ɗaura tsarin GM-1 a jiragen yaƙi irin su Messerschmitt Bf 109, don inji ya sami oksijin a can sama inda iska ta yi ƙaranci. NOS ɗin da kowa ke kira sunan kamfani ne da Mike Thermos da Dale Vaznaian suka kafa a Kalifoniya a 1978, yanzu yana hannun kamfanin Holley. Nitrous Express da ZEX da Edelbrock duk suna yin irin kayan.

Daga nan sai ruɗanin suna. Naitirojin da wasu masu faci ke hura wa taya ba shi ba ne, kuma ba zai ƙara wa inji komai ba, don ba oksijin a cikinsa. Naitiromitan da manyan motocin tseren Top Fuel ke sha a Amurka shi ma dabam yake, wannan kam mai ne na gaske. Mafi haɗari shi ne tunanin cewa tukunyar oksijin ta mai walda za ta yi aikin a kuɗi kaɗan. Tsantsar oksijin na sa ƙuna ta yi zafin da fistin ba zai jure ba. Naitirojin da ke cikin naitiros shi ke tausasa ƙunar, kuma oksijin ɗinsa ba ya sakuwa sai zafi ya kai.

"Yana fasa inji," in ji kanikawa da yawa. Wannan rabin gaskiya ce, kuma a nan zaɓen kaya yake. Abin da ke fasa inji shi ne oksijin ya yi yawa fetur ya gaza. Da haka ta faru, zafi ya hau, mai ya riƙa fashewa tun lokacinsa bai yi ba, kan fulogi ya narke, fistin ya huje, duk cikin daƙiƙu kaɗan. Shi ya sa tambayar farko ga mai saye ita ce ta wace hanya ƙarin fetur zai shiga.

Hanya biyu ce. Busasshen tsari naitiros kaɗai yake fesawa, ya bar wa injektocin mota da kwamfutarta aikin ƙara mai. Ya fi sauƙin ɗaurawa, amma idan injektocin ƙanana ne ko famfon mai ya gaji, ba mai ceton injin. Jiƙaƙƙen tsari yana da bawul biyu na lantarki, ɗaya na naitiros ɗaya na fetur, suna fesawa tare ta nozul guda, ko ta wani faranti da ake sawa a ƙarƙashin kafireta. Shi ma da nasa aibin: hanyar iskar injunan zamani ba don ɗaukar mai aka ƙera ta ba, fetur na iya taruwa a lungunanta, wuta ta dawo baya ta tarwatsa ta, musamman ta roba. Masu tsere da gaske kan ba kowace silinda nozul ɗinta, amma wannan aikin ƙwararru ne, da tsadarsa.

Girman feshin ana auna shi da ƙarfin doki, kuma wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu huda da ke bakin nozul ke ƙayyade shi. Masu ƙera kayan da kansu kan ce injin silinda huɗu da ba a taɓa cikinsa ba ya tsaya wajen doki 50, mai shida 75 zuwa 100, V8 kuwa wajen 125 zuwa 150. Wannan fa ga inji mai lafiya ne. Tsohuwar tokumbo mai shan baƙin mai tana hayaƙi ba ta cikin lissafin. Ana kuma ja da tayamin baya kamar digiri 2 ga kowane doki 50, a sa fulogi mai saurin fitar da zafi, a sha fetur mai kyau. Man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, da naitiros, ba sa ga maciji.

Jan maɓallin fim ma ba haka yake aiki ba. Kaya na kirki ba sa fesawa sai an take totur har ƙasa, kuma inji ya wuce juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti. Akwai makunnin da ke yanke feshin idan ƙarfin famfon mai ya faɗi. Kayan da suka zo babu waɗannan, arharsu ba arha ba ce.

Wutar salansa kuwa fetur ne da bai ƙone ba, ko dabarar masu shirya fim. Farin tururin da ake gani yana tashi ta gaban gilashi kafin tsere gaskiya ne: direba ke zubar da iskar da ta taru a tiyo don ruwan naitiros ya iso bakin bawul.

Kwalbar ba ta daɗewa. Wadda aka fi sayarwa tana ɗaukar kilo 4.5, kuma a feshin doki 100 ba ta wuce minti biyu idan aka haɗa duka dannawar, kowace kuwa daƙiƙa 10 zuwa 15 ce. Wanda bai san inda zai sake cika ta ba, ado ya saya.

Batun fashewar kwalba shi ne inda mazauna ƙasar zafi ya kamata su kasa kunne. An tsara kayan su yi aiki a matsin psi 900 zuwa 1,000, wanda ake samu a zafin digiri 30. Tayar mota wajen psi 32 take ɗauka. A ƙasashen sanyi har bargon lantarki ake naɗa wa kwalba. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu matsalar akasin haka ce: da zafi ya wuce digiri 36, naitiros ba ya zama ruwa kuma, matsi ya yi ta hawa, kuma but ɗin motar da aka ajiye a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Matsi ya hau, naitiros ya fi fetur yawa a feshi, an koma gidan jiya. Kwalba ta gaske tana da wani faifan kariya da ke ɓallewa wajen psi 3,000 ya saki iskar, shi ya sa ake jan bututu daga nan zuwa wajen mota.

Masu cewa ai iskar dariya ce ta asibiti, ana iya shaƙa, sun yi kuskure sau biyu. Ta mota ana zuba mata ɗan sinadarin salfa da gangan don ta hana shaƙa. Mai tsabtar ma, yawan shaƙarta na kashe amfanin bitamin B12 a jiki, ya lalata jijiyoyi har ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. A 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita don maye a Najeriya, a Nuwamban shekarar kuma Birtaniya ta haramta mallakarta don shaƙa. A can ɗaura ta a mota bai saɓa doka ba, amma dole a sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba ranar hatsari yana iya ƙin biyan ko sisi.