Wayar Salula a Nijeriya: Bunƙasa da Gasa Tsakanin Kamfanoni

Kafin shekarar 2001, wayar tarho a Nijeriya aba ce ta ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, kusan shi kaɗai ke riƙe da harkar, kuma layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. Amma a 2023 layukan salula masu aiki sun zarce miliyan 200. To, mene ne ya kawo wannan bunƙasa?

Da farko ya kamata mai karatu ya fahimci yadda salula ke aiki. Muryar mai magana kan tafi ne ta iska a kan zangon rediyo zuwa ƙarfen sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Akan karkasa gari gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da ƙarfensa, ta yadda za a sake amfani da zango ɗaya a gidajen da ke nesa da juna ba tare da muryoyi sun cakuɗe ba. Da yake zangunan da suka dace ba su da yawa, hukuma ce ke raba su.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisi a kan Dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. A lokacin, layi kaɗai yakan ci dubban Naira, kira kuwa kimanin Naira 50 ne a minti, ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi yana magana. Da Globacom ya shigo a 2003 da tsarin biyan kuɗi bisa daƙiƙa, sai sauran suka bi sahu ba shiri. Ba roƙon jama'a ne ya karya farashi ba, tsoron rasa masu ciniki ne.

Haka abin ya kasance wajen intanet mai sauri. Wayoyin zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, sun kawo ƙarshen dogaro da waya guda, farashi ya sake sauka. A ƙarshen 2021 aka yi gwanjon zangon 5G, MTN ya fara aiki da shi a 2022.

Sai dai ilmin halittu na da darasi a nan. A 1934 wani masani ɗan Rasha mai suna Gause ya bayyana gwajin da ya yi da iri biyu na wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira faramisiyam. Da ya rene su daban-daban, kowane iri ya hayayyafa da sauri har abinci ya yi masa iyaka. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya kan abinci ɗaya, sai iri ɗaya ya rinjaya, ɗayan ya ƙare. Kasuwa ma muddin akwai waɗanda ba su da waya, kowane kamfani na samun rabonsa. Idan ta cika, sai dai wani ya ƙwace na wani. Shi ya sa kamfanoni irin su Starcomms suka ɓace, MTN ya saye Visafone a 2016, Etisalat kuma da ya koma 9mobile a 2017 ya yi ta raguwa. A ƙarshen 2024 kimanin rabin layukan ƙasar na hannun MTN, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma na Airtel, wanda shi ne Econet na da.

Bambancin kasuwa da kwalbar Gause shi ne kasuwa tana da alƙali. Tun 2013 NCC ta ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba, don kada babba ya ɗaure masu ciniki. Ita ce kuma ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, bayan kamfanoni sun koka da tsadar man dizal da faɗuwar darajar Naira.

Akwai kuma inda gasa ba ta zuwa da kanta. Kafa ƙarfe a ƙauye mai nisa, inda babu lantarki kuma jama'a ba su da yawa, ba ya kawo riba da wuri. Saboda haka ɗalibin birni na neman darasi a intanet, ɗan'uwansa na karkara kuwa sai ya hau tudu kafin ya sami sabis. Yawan layuka kaɗai bai isa ma'auni ba. Wajibi ne hukuma ta tsare gasa kada ta mutu, ta kuma tallafa a kai sadarwa inda riba ba za ta kai ta ba.