Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Bayyana Game da Gigin Tsufa

A shekara ta 1901 aka kai wata mace mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfot a ƙasar Jamus, tana cikin ruɗewa har sunan mijinta yakan kuɓuce mata. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, bai sami ikon sanin haƙiƙanin illarta ba sai bayan rasuwarta a 1906, sa'ad da ya binciki ƙwaƙwalwarta ya tarar ta motse, wani abu ya taru dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta, wani kuma ya cukurkuɗe kamar zare a cikinsu. Haka al'amarin ya zauna shekaru masu yawa, ba a tabbatar da cutar sai mai ita ya riga mu gidan gaskiya.

Yau kuwa, da na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu ba tare da an tsaga fata ba, sai a kwantar da dattijo a tura shi cikin bututunta, ya daure wa ƙararta kamar rabin sa'a, likita ya ga ƙwaƙwalwarsa yanki-yanki alhali yana raye. Wurin da ake fara dubawa shi ne hifokamfas, wasu 'yan gaɓoɓi biyu, dama da hagu, can ciki daura da kunne, waɗanda aikinsu shi ne adana sabon abin da mutum ya gani ko ya ji. Kuma da yake su ne cutar Alzheimer kan fara ci, shi ya sa za ka ga tsoho yana kawo sunan malaminsa na allo ba gargada, amma ya tambayi 'yarsa sau uku ko an yi sallar azahar. In cutar ta yi nisa, sai ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa su faɗaɗa, naman ya janye daga ƙoƙon kai kamar busasshiyar gyaɗa a cikin ɓawonta. Akwai kuma nau'in gigin tsufa da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke haddasawa, galibi saboda hawan jini, wanda ke fitowa a hoto da fararen tabo. Da wani mai cin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ɗabi'ar mutum ke sauyawa tun kafin mantuwa ta zo.

Mushkilar ita ce, ko lafiyayyen tsoho ƙwaƙwalwarsa tana raguwa, kuma a farkon cuta bambancin yana da wuyar kamawa da ido. Domin haka aka kafa shirin ADNI a Amurka a 2004, ana tara hotunan tsofaffi, masu lafiya da marasa lafiya, ana sake ɗaukarsu lokaci bayan lokaci, ana kuma buɗe taskar ga masu bincike na duniya. Sai a ba kwamfuta hotuna masu yawa, kowanne da hukuncin da likitoci suka yanke a kansa, ta auna kaurin kowane sashe, ta yi ƙiyasi, in ta kuskure a nuna mata ta gyara ma'auninta, har ta ƙware. Sa'an nan a jarraba ta da hotunan da ba ta taɓa gani ba. Wajen rarrabe mai cutar da ta bayyana da lafiyayye tana yin ƙoƙari ƙwarai. Amma mas'alar da ta fi damun iyali, wato cikin masu 'yar mantuwa wane ne zai zarce zuwa gigi, nan hasashenta ya fi rauni, kuma a ganina bai halatta a gaya wa mutum makomarsa da shi kaɗai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka koyar da kwamfutar da ƙwaƙwalensu, domin mafi yawansu Turawa ne masu zurfin karatu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe marasa wadata da masu matsakaicin hali suke. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Badun da baƙaƙen fatan Indiyanafolis, ya nuna cutar ta fi ƙaranci a Badun, dalili ke nan mai ƙarfi na cewa abin da aka auna a wata al'umma ba lalle ya dace da wata ba. Wajibi ne jami'o'inmu su tara hotunan tsofaffinmu, duk da ƙarancin na'urar MRI da tsadarta. Kafin nan, wanda ya ga mahaifinsa ya fara ruɗewa ya kai shi ga likita, domin hoton kan nuna ƙari, ko jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, ko ruwan da ya yi yawa, waɗanda sau da dama ana iya yi musu aiki.