Ɗalibin da ya je karatu Amurka zai iya yin aiki?

 A wannan fitowa ta mujallarmu zan yi bayani a kan wata magana da ake yawan yi a bakin makaranta da majalisar unguwa. Sai ka ji ana cewa da zarar yaro ya samu bizar karatu a Amurka, kakarsa ta yanke saƙa: da safe ya shiga aji, da yamma ya kama aiki, ya biya kuɗin makaranta, har ya turo wa gida daloli. Maganar tana da daɗin ji, amma dokar ƙasar ba haka ta ce ba. Ɗalibi zai iya yin aiki, sai dai aikin yana da iyaka, kuma yawancinsa sai da izinin da aka samu tun kafin a fara.

Biza iri biyu

Yawancin ɗaliban ƙasashen waje suna shiga Amurka da ɗaya daga cikin biza biyu. Ta farko ita ce J-1, wadda ake ba ɗaliban musaya. Ɗalibin musaya shi ne wanda wani shiri ya ɗauki nauyin zuwansa don ya yi karatu na wani lokaci, ya ga al'adun mutane, su ma su ga nasa, sannan ya koma gida. Wannan biza ta samo asali daga wata doka ta musayar ilimi da al'adu da aka yi a 1961. Mai ita yana riƙe da takarda mai suna DS-2019.

Ta biyu ita ce F-1, wadda ake ba wanda makaranta ta ɗauka don ya yi cikakken karatu, kamar digiri. Shi kuma takardarsa I-20 ce. Duk biyun an ba su izinin shiga ne saboda karatu. Shi ya sa tun kafin a ba mutum takarda ake neman ya nuna shaidar kuɗin da za su riƙe shi, ko na iyayensa ko na tallafin karatu.

Idan ɗan sakandare ne

Wannan ya fi shafarmu. A 2002 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin musaya mai suna YES, wanda daga baya aka sa wa sunan sanatoci biyu, Kennedy da Lugar. Shirin ya kai 'yan sakandare daga ƙasashe da dama, har da Najeriya, suka yi shekarar karatu ɗaya a can. Irin waɗannan ɗalibai suna tafiya da bizar J-1, suna zama a gidan wasu iyali da suka karɓe su kamar 'ya'yansu.

Dokar ɗan sakandare mai J-1 a fili take: ba a yarda ya kama aikin albashi ba, na yini ne ko na rabin yini. Abin da aka amince masa shi ne ɗan aikin da ke zuwa jefi-jefi, kamar renon yaran maƙwabta na wasu awoyi ko gyaran ciyawar ƙofar gida. Ba zai zama ma'aikacin kanti ko gidan abinci ba. Don haka duk wanda ya ce maka ɗan sakandare zai je musaya ya tara kuɗi, ka san bai karanta dokar ba.

Idan ɗan jami'a ne mai J-1

Shi yana da ɗan sarari. Zai iya aiki a cikin harabar jami'a, misali a ɗakin karatu, ko ɗakin cin abinci, ko ya taimaka wa malami a ɗakin gwaje-gwaje. Amma akwai sharuɗɗa. Dole karatunsa ya kasance yana tafiya daidai. Kada aikin ya wuce awa 20 a mako lokacin da ake karatu, sai a lokacin hutu ne zai iya yin cikakken yini. Sannan dole jami'in da ke kula da shirinsa ya ba shi izini a rubuce kafin ranar farko ta aiki. Izinin ba ya wuce wata 12, idan ya ƙare sai an sabunta.

Akwai kuma aikin koyon sana'a wanda ya dace da fannin da yake karantawa. Ga mai digiri na farko ko na biyu, yawanci ba ya wuce wata 18, kuma ba ya fin tsawon karatun da ya yi. Ma'ana, wanda ya je musayar zango ɗaya ba zai samu wata 18 ba.

Idan mai F-1 ne

Shi ma awa 20 ce iyakarsa a mako a cikin harabar makaranta. A lura, awa 20 ɗin ta dukkan ayyukansa ce a haɗe. Idan yana yin awa 12 a ɗakin karatu, awa 8 kawai ta rage masa a wani wurin. A shekarar karatu ta farko, yawanci ba a yarda ya yi aiki a wajen makaranta ba.

Bayan shekara ɗaya, ƙofofi biyu suna buɗewa. Ɗaya ana kiranta CPT, wato aikin da yake cikin manhajar karatunsa, kuma jami'in makaranta ne ke rubuta izinin a jikin I-20. Ɗayar ita ce OPT, aikin gwada abin da aka koya, na tsawon wata 12, wanda yawanci ake yi bayan kammala karatu. Wannan sai an nemi katin izinin aiki daga hukumar shige da fice mai suna USCIS, kuma ba a fara aiki sai katin ya zo hannu kuma ranar da aka rubuta a jikinsa ta yi. Waɗanda suka karanta kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi suna iya neman ƙarin wata 24. To, masu gudun darasin lissafi, kun ji.

Mene ne ake ƙirgawa a matsayin aiki?

A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Ba sai a ofis ko kamfani ba. Idan ɗalibar jami'a tana yi wa mutane kitso ko lalle suna biyanta, aiki ne. Idan ɗalibi yana ɗaukar fasinja da mota, ko yana kai wa mutane abinci gida don a biya shi, aiki ne. Ko da a hannu aka ba shi kuɗin, ko aka biya shi da ɗakin kwana da abinci, duk aiki ne, kuma yana buƙatar izini.

Mu yi lissafi

Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka shi ne dala 7.25 a awa, kuma haka yake tun 2009, kodayake jihohi da yawa sun sa nasu ya fi haka. Idan ɗalibi ya yi awa 20 a kan wannan kuɗi, zai samu dala 145 a mako, wato dala 580 a mako huɗu, kafin a cire haraji. Idan ka juya su zuwa naira za ka ga kamar kuɗi ne masu yawa. Amma a can zai kashe su, inda hayar ɗaki kaɗai take iya cinye su, ballantana kuɗin makaranta da kan kai dubban daloli a shekara. Kuɗin aikin ɗalibi na sabulu ne da littafi da kuɗin mota. Iyayen da suka sayar da gona ko shanu suka biya zangon farko, da tunanin yaro zai biya sauran da guminsa, sun jefa shi cikin tsaka mai wuya.

Idan aka karya doka fa?

Gwamnatin Amurka tana da rumbun bayanai a kwamfuta mai suna SEVIS, inda ake rubuta sunan kowane ɗalibi mai F-1 ko J-1. Idan aka tabbatar ɗalibi ya yi aiki ba da izini ba, ana iya rufe rajistarsa. Daga nan zamansa ya saɓa wa doka, sai ya bar ƙasar, ko da saura zango ɗaya ya gama. Wasu kurakuran mai F-1 yana iya roƙon a maido masa da matsayinsa, amma aiki ba da izini ba baya cikin waɗanda ake yafewa ta wannan hanya. Sake samun biza ma yana iya yi masa wuya. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Shawarata gare mu

Na farko, kada mu yarda da dillalin da zai ce biza ta karatu hanya ce ta neman kuɗi. Na biyu, duk wanda Allah ya ba damar tafiya, ya nemi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa kafin ya karɓi kowane aiki, domin dokokin biza suna canzawa, kuma matambayi ba ya ɓata. Na uku, ya ajiye takardar izininsa da kyau, ya riƙa ƙirga awoyinsa kowane mako. Na huɗu, mu da muke ƙaramar sakandare, mu dage da karatu tun yanzu, saboda tallafin karatu shi ne yake biyan kuɗin makaranta, kuma da sakamako mai kyau ake samunsa.

Idan kana da yaya ko ƙanin baba da ke shirin tafiya, ka kai masa wannan bayani. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.