Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Ƙwayar Zawon Shanu

Ƴan uwa fatake, da yawanmu in sa ya kama zawo a hanya, sai mu garzaya kara mu sayi kafso ko allura mu ɗirka masa. In an dace, to. In ba a dace ba, kuɗi ya tafi, sa ya bi baya. Dalili kuwa, zawo ba cuta ɗaya ba ce. Wani na tsutsar ciki ne, wani na ƙwayar bakteriya, ido kuma ba ya rarrabewa.

Cikin ƙwayoyin hanji, biyu sun fi damunmu. Ikolai takan kayar da maraƙi a kwanakinsa na farko. Salmonela kuwa ba ta barin babba, tana kawo zazzaɓi da zawo mai wari, wani lokaci da jini. Sa na iya ɗauke da ita yana kiwonsa lafiya lau, sai wahalar tirela da ƙishirwa su tayar da ita. Tana kuma kama mutum ta nama da ɗanyen nono.

To yaya masu ɗakin gwaji ke gane su? Sukan shafa ɗan kashin a faranti mai abincin ƙwayoyi da ake kira Makonki, su ajiye cikin ɗumi na digiri 37 har awa 24. Ikolai tana cin sukarin madara da ke ciki, sai ɗigonta ya fito ja-ja. Salmonela ba ta cinsa, nata sai ya fito fari-fari. A wani farantin dabam kuma tsakiyarsa kan yi baƙi. Amma fa ganin Ikolai kaɗai ba hujja ba ce, don tana cikin hanjin kowace lafiyayyar dabba, sai an ƙara bincike. Daga nan a jera magunguna a kan ƙwayar, a ga wanda ke kashe ta da wanda ta riga ta fi ƙarfinsa. Aikin kan ci kwana 3 ko fiye.

Namu aikin shi ne mu kira malamin dabbobi ya ɗebi sabon kashi tun ba a ba da magani ba, a sa a kwalba mai tsabta cikin ƙanƙara. Akwai LABOCEL a Yamai, LANAVET a Garwa, da cibiyar Vom a Nijeriya. Kafin sakamako ya fito, a ware marar lafiya, a wadata shi da ruwa, kada a loda shi cikin ƴan uwansa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.